Gara a Ce Arvid Ya Sha

A garinmu Eveleth, duk wanda ya manyanta kuma ya taɓa hawa babur, da wuya in ba Arvid Koski ne ya koya masa ba. Ƙuruciyarsa a ramin haƙar ƙarfe ya ƙarar da ita, yana tuƙa manyan motocin ɗaukar dutse, ranar hutu kuwa yana kan babur. Ya sha barasa kamar mai neman kashe kansa, har matarsa ta kwashe kayanta ta tafi. Daga baya ya bari, ya yi sama da shekara ashirin ko ɗanɗanawa bai yi ba. Da ya ajiye aiki sai ya koma Duluth kusa da 'yarsa Kirsten, muka daina ganinsa sai jefi-jefi, wajen biki ko jana'iza.

A shekarar da abin nan ya faru, hannunsa na dama ya fara rawa shi kaɗai, ƙafarsa kuma ta riƙa yi masa nauyi. Likita ya ce ciwon karkarwa ne, irin wanda ba ya warkewa, magani rage masa gudu kawai yake yi. Ya kuma ce masa ya haƙura da babur. Kirsten kaɗai ta san maganar, ita ma sai da ya sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba.

Da kaka ta shigo ganye ya fara ja, Arvid ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya ce mata zai zaga ya ga mutanensa kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

"Baba, ka ji abin da likita ya ce."

"Na ji. Wannan ce ta ƙarshe. In na dawo ki sayar da shi, ko ki shuka fure a tankin."

Ta yi magiya har ta gaji, ya sa hular kwano ya tafi.

Muddin yana tafiya lafiya lau yake. In hannun ya damƙi totur sai ya nutsu kamar ba shi ba. Ya bi hanyar arewa yana shaƙar ƙanshin jiƙaƙƙen daji, ya wuce gadar da suke kama kifi suna yara, ya wuce tuddan jar ƙasar da aka tono daga ramuka, waɗanda yanzu itatuwa suka rufe su. Har ya fara ce wa kansa likitoci sun cika zuzuta abu.

Gidan Stan Perko ya fara sauka. Tare suka yi makaranta, tare suka shiga aikin rami. Stan na zaune a baranda da maƙwabcinsa lokacin da Arvid ya shigo farfajiyar, ya taka birki, ya ce wa ƙafarsa ta sauka. Ƙafar ta yi jinkiri. Babur ɗin ya karkata a hankali, kamar saniyar da za ta kwanta, ya zube da shi a kan tsakuwa.

Stan ya sauko yana ɗingishi yana dariya.

"Tsoho, gaishe mu ka zo yi ko auna mana tsakuwa?"

"Tsakuwarka ce ta banza," in ji Arvid daga ƙasa. "Wa ya zuba maka ita, makaho?"

"Kai ne fa ka ce mini duk wanda ya kayar da babur a tsaye ya je ya sayi keken yara."

Stan da maƙwabcin suka ɗaga babur ɗin. Arvid ya miƙe yana kakkaɓe wando, kunnuwansa sun yi zafi. Ya cusa hannun dama a aljihun rigarsa, ya gaisa da su da hagu, ya ce ya ɗan bugu ne.

Dolores, matar Stan, ta ga komai ta taga. Ta yanko musu potica, naɗaɗɗen burodinta mai zaƙi, ta zuba kofi. Aka yi hirar waɗanda suka mutu da waɗanda suka koma wajen 'ya'yansu a kudu. Arvid ya manta, ya zaro hannun ya ajiye kusa da kofinsa. Cokalin da ke kan faranti ya fara ƙara, kofi ya fantsama a kan farin mayafin tebur. Stan ya kau da kai ya ci gaba da labarinsa da ƙarfi. Dolores ba ta kau da kai ba. Mahaifinta mashayi ne, ta girma tana kallon hannu yana rawa da safe.

Da Stan ya fita duba ko madubin babur ya fashe, ta tsare Arvid a wajen wanke-wanke.

"Arvid, dube ni. Tafiyarka ta sauya, muryarka ta shige ciki, hannunka ga shi nan. Ka koma sha?"

Amsar gaskiya na bakinsa. Amma ya hango yadda fuskarta za ta narke da tausayi, yadda za ta kama masa gwiwar hannu ta rako shi bakin ƙofa kamar kakanta. Mashayi dai mutum ne da ya aikata wani abu, ana yi masa faɗa, ana jin haushinsa. Wannan ya san shi, ya taɓa zama a cikinsa. Ciwon ne bai san yadda ake zama a ciki ba.

"Kaɗan-kaɗan," in ji shi.

Dolores ta ajiye farantin da ke hannunta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Bayan duk shekarun nan."

"Zan bari."

"Haka babana yake cewa."

Ta so ya kwana, ya ƙi. Ta ce to ya rantse yau bai sha ba, ya rantse, wannan kam da gaskiyarsa. Da ya hau hanya ya ji wani sauƙi-sauƙi, kamar wanda ya tsallake rami. Sauƙin bai kai shi ƙarshen gari ba. Ya tsaya a bakin tsohon ramin da suka yi aiki, wanda yanzu ruwa ya cika shi shuɗi shar, bai ko sauka daga kan babur ba don tsoron sake faɗuwa. Ya haɗiyi ƙwayar maganinsa ba ruwa, ya zauna yana kallon wurin da ƙarfinsa ya ƙare. Ya ce a ransa zai kira Dolores da yamma ya gyara maganar. Yamma ta yi, ya kama ɗaki a wani masauki a bakin hanya, bai kira ba.

Washegari ya isa garin Tower, inda Ginny Lahti take da ɗan gidan abinci a bakin tafki. Ginny ƙanwar wani abokinsu ce da ya rasu, a bayan babur ɗin Arvid ta fara zuwa rawa tana budurwa. Wannan karon ya nemi wuri mai kwalta ya tsaya, ya sauka a hankali, bai faɗi ba.

Ta fito ta rungume shi, ta daɗe ba ta sake shi ba. Sai daga baya ya gane shinshinarsa take yi.

"Ba na jin wari," ta ce. "Irin wadda ba ta wari ka koma ke nan."

"Ashe labari ya riga ni."

"Wayar Dolores ta fi babur ɗinka gudu. Shigo ka ci abinci, ka rame kamar sandar kamun kifi."

A ciki akwai teburin tsofaffin ma'aikatan rami, masu zaman safe. Da suka gan shi hirar ta tsaya, sannan kowa ya gaishe shi da fara'ar da ta yi yawa. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce kowa yana iya zamewa. Ginny ta kawo masa kofi, rabi kawai ta zuba don kada ya zubar, da soyayyen kifi, ta zauna a gabansa ta harɗe hannu.

"Me ya faru? Kaɗaici ne? Ai da ka kira ni. Ni ma ba abin da nake yi da daddare sai faɗa da kyanwa."

Ya buɗe baki zai faɗa mata. Daidai nan aka turo ƙofa, wata mata ta shigo da mijinta a keken guragu. Reino ne, wanda a da yake ɗaga injin babur shi kaɗai ya ɗora a tebur. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Matar ta ɗaura masa tsumma a wuya, mutanen teburin suka riƙa yi masa magana da ƙarfi, a rarrabe, kamar yaron goye.

"Reino, ka ga wa ya zo? Arvid ne. Ka gane shi?"

Reino ya dubi Arvid da idanu masu cikakken hankali. Arvid ya je ya gaishe shi, ya dawo ya zauna, ya tura hannunsa ƙarƙashin cinya.

"Kaɗaici ne," ya ce wa Ginny.

Ta girgiza kai. "To ka ci. Daga nan Ely za ka, ko? Gara haka. Dolores ta kira Lyle tun jiya, ta ce ya shirya maka. In akwai mai iya dawo da kai hanya, shi ne."

Arvid ya ajiye cokalin.

Lyle Hautala ya fi kowa shan wahala a cikinsu, ko da yake Arvid ya ba shi shekaru. Masassaƙin kwale-kwale ne, mutum mai shiru. Shekarun baya Arvid ya tsince shi a cikin mota a gefen hanya, ƙanƙara ta kusa binne motar, shi kuwa ya bugu bai san inda yake ba. Arvid ne ya ja shi zuwa taron masu barin sha da ake yi a ɗakin ƙasa na coci, ya zauna kusa da shi har ya tsaya da ƙafarsa. Lyle bai cika yarda da Allah ba, bai yarda da likita ba. Abin da yakan faɗa shi ne, in Arvid Koski ya iya, shi ma zai iya.

Arvid bai gama abincin ba ya tashi. Hanyar Ely kwana-kwana ce cikin daji, ya san kowace kwana, ya bi ta da gudun da bai kamata ba. Ganye rawaya na zuba a kan kwalta, tafkuna na leƙowa ta tsakanin itatuwa, bai ga ko ɗaya ba.

Ya tarar da ƙofar rumfar sassaƙa a buɗe, wani kwale-kwale da ba a gama ba yana kife a kan sanduna. Lyle na zaune a bayan buɗaɗɗiyar motarsa, ƙafafunsa na lilo. Kusa da shi akwai kwalbar barasa a cikin jakar takarda.

Arvid ya tsaya, ƙafar ta sake makara, babur ya kwanta a kan ciyawa. Bai ko waiwaye shi ba. Ya rarrafa ya miƙe, ya cire hular.

"Sannu da zuwa, malamina," in ji Lyle. "Na sayo mana. Na ce tunda kai ka sa na bari, sai mu koma tare."

"Lyle, ban sha ba."

"Ba sai ka ɓoye mini ba. Ni ne fa."

"Ban sha ba. Ko ɗigo. Ƙarya na yi wa Dolores."

Ya zaro hannun ya miƙa masa. Hannun yana ta rawa a tsakaninsu, babban yatsa na murza ɗan'uwansa. Ya lalubo kwalbar maganinsa da hagu ya ajiye a kan motar. Ya faɗi sunan ciwon, ya faɗi abin da likita ya ce zai biyo baya.

Lyle ya ɗauki maganin ya karanta, ya juya shi, ya ajiye.

"Wato ciwo ne."

"Ciwo ne."

"Ka gwammace a ce ka koma mashayi da a ce ba ka da lafiya."

Arvid ya mayar da maganin aljihu, Lyle ya ci gaba.

"Jiya da Dolores ta kira ni, na ce mata ƙarya ne. Ta ce da bakinka ka faɗa. Na zauna a nan ina tunani. Na ce ashe shan nan jira yake yi kawai. In ya kayar da kai bayan shekara ashirin, ni wane ne? Me nake wahalar da kaina a kai?"

"To yanzu ka ji. Kawo kwalbar mu zubar."

Lyle ya zare ta daga jakar. Murfin a karye yake, barasar ta sauka ƙasa da wuyan kwalbar da kamar faɗin yatsu uku.

"Ka makara kaɗan," ya ce.

Arvid ya ja da baya. Ya zauna a kan wani kututture. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige ya ja ta ya rufe. Ya so ya ce a yafe masa, kalmar ta yi masa ƙanƙanta a baki.

"Ni na ja maka," ya ce daga ƙarshe.

"Kada ka ɗauki wannan ma ka rataya a wuyanka don ka ji kai babba ne. Ni na je kanti, ni na murɗe murfin. Naka daban, nawa daban." Ya ɗago ya dubi Arvid. "Amma naka ma ba ƙarami ba ne."

Suka zauna haka, iska na kaɗa ɓawon katako a ƙasa. Can Lyle ya miƙa masa kwalbar.

"Zubar. Ni ba zan iya ba."

Arvid ya karɓa da hannu biyu, ya tuntsurar da ita a gindin itace. Rabi a ƙasa, rabi a kan takalminsa.

"Ko zubarwar ma ba ka iya ba," in ji Lyle.

"Akwai taro yau?"

"Akwai, da yamma. Amma ni ba zan tuƙa mota ba, na sha. Kai kuma ko kyauta aka ba ni ba zan hau bayanka ba."

Da ƙafa suka tafi, ta bakin titi, ɗaya na jan ƙafa, ɗaya na kallon ƙasa. A ɗakin ƙasa na cocin mutane kaɗan ne, da tulun kofi da kujerun ƙarfe. Lyle ya tashi ya faɗi abin da ya yi da safe, a taƙaice, ya zauna. Sai Arvid ya tashi. Ya sha tsayawa a irin ɗakin nan ya ba da labarin shekarunsa, mutane na gyaɗa kai. Ran nan ya ce bai sha ba, amma ya yi ƙaryar ya sha don yana jin kunyar ciwonsa, kuma ga abin da ƙaryar ta haifar. Ba wanda ya gyaɗa kai. Wata mata mai furfura ta ce ta daɗe tana zuwa taron nan, ta ji masu sha suna cewa ba su sha ba, amma yau ta fara jin akasin haka. Wasu suka yi 'yar dariya. Lyle bai yi ba.

Arvid ya yi kwanaki a gidan, yana kwana a doguwar kujera, suna zuwa taro kullum. Ba su cika magana ba. Lyle ya koma kan kwale-kwalensa, yakan ba shi takardar goge katako ya ce tunda hannun na son motsi, ya yi motsi mai amfani. Lyle ya sake zamewa sau ɗaya a tsakiyar hunturun nan, sannan ya tsaya, har yau kuma yana tsaye. Amma bai ƙara cewa in Arvid ya iya shi ma zai iya ba.

Kirsten ce ta zo ɗaukar mahaifinta da mota. Ya gaya mata komai a hanya. Da suka kusa Eveleth ya ce ta ratse gidan Stan.

Dolores ta saurare shi a tsaye, hannunta a cikin tsumman goge kwano. Da ya kai kan maganar Lyle sai ta nemi kujera.

"Ka mai da ni mai yaɗa ƙarya da tsufana," ta ce. "Ni da na ɗauka taimakonka nake yi."

"Laifina ne, Dolores."

"Na san naka ne. Amma bakina ne ya kai ta."

Ta tashi ta ɗauko waya ta ajiye a tsakiyar tebur, ta ja masa kujera.

"Zauna. Duk wanda na gaya wa, zan kira shi, kai za ka yi bayani da bakinka."

"Su nawa ne?"

Stan, wanda tun shigowarsu yake tsaye a bakin ƙofa yana share ido da bayan hannu, ya ce, "Ka dai ce su wa suka rage. Har limamin cocinmu ya sa ka a addu'a ran Lahadi."

"To ya bar ni a ciki," in ji Arvid. "Ya sauya dalilin kawai."

Da Ginny aka fara. Ta zage shi tas, sannan ta yi kuka, sannan ta ce ya wuce ta gabanta da wannan a ciki tana ba shi rabin kofi kamar sakarya. Bayan ita sai ƙanwar Dolores, sai mai aski, sai wani da Arvid bai ma tuna shi ba. Kowane kira sai ya faro daga farko, ya faɗi sunan ciwon, ya ce ƙarya ya yi. Wasu suka yi shiru, wasu suka shiga ba shi labarin wani kawunsu da ya yi irinsa. Tausayin da ya guda ya same shi har da ƙari, ya zauna ya sha shi.

Rana ta yi ƙasa, Kirsten ta leƙo ta ce hanya da nisa. Dolores ta ce saura mutum biyu, ba inda za shi. Ta danna lamba ta gaba, ta tura masa wayar.